Ƙwayoyin Da Ke Cikin Jakar Lauya

Shafi na 14

Masu cika min waya da "a ƙara mana," duk na gan ku, har da ke da kika ce in na sake tsayawa a tsakiyar magana za ki biyo ni gida. Ki taho da kujerarki, tamu ta karye.

Ga wanda yau ya shigo: ɗaki ɗaya ne a hostel ɗin mata na jami'a, mutum huɗu a ciki. Akwai Lauya, mai karatun shari'a, wadda kowa ya san ta da baki. Akwai Auta, aminiyarta, ƙanwar Injiniyan da ke neman auren Lauya, ita ce ma ta haɗa su. Sai Nas mai karatun jinya, da 'Yar Kasuwa, wadda ni dai har yau ban ga ranar da ta buɗe littafi ba. Mun tsaya inda Auta ta zuge jakar kwalliyar Lauya tana neman maganin ciwon kai, ta ci karo da abin da ba shi ta je nema ba.

*

Da ƙafa Lauya ta turo ƙofar, bokiti a hannu, tawul a ka, tana masifar layin banɗaki.

"Mutum bai gama sa sabulu ba an fara buga masa ƙofa. Wallahi in na zama alƙaliya, 'yan benen nan zan fara ɗaurewa."

Ba wanda ya yi dariya.

Ta ajiye bokitin ta dube su. Su ukun sun jeru a kan gado ɗaya, abin da ko ranar rabon nama ba sa yi. A lungu tukunyar taliya tana ta tafasa a kan ɗan murhun lantarkin da suke ɓoye wa mai kula da hostel, ba mai kallonta.

"Sakamako ya fito ne?"

"Rufe ƙofa," in ji 'Yar Kasuwa.

"Ko wani ya mutu?"

"Ki rufe dai."

Ta rufe. Auta ta buɗe tafin hannunta, ta ajiye katin ƙwayoyi a kan zanin gado. Ƙanana ne farare, an rubuta ranakun mako a jikinsu, an sha fiye da rabi.

Lauya ta gane katinta nan take, amma fuskarta ba ta nuna ba.

"Mene ne wannan?" Auta ta tambaya.

"Magani."

"Ai na san ba alawa ba ce. Maganin me?"

"Da farko dai, wa ya ba ki izinin buɗe min jaka? Duk hujjar da aka samo ta haramtacciyar hanya..."

"Ba a kotu muke ba, Lauya."

"Ko a ina muke, jaka jakata ce."

"Nas ta karanta sunan. Na hana ɗaukar ciki ne. Ƙarya ne?"

Nas ta ɗaga yatsa kamar a aji. "Na ce haka, amma ban gama magana ba kuka..."

"Ke yi mana shiru," 'Yar Kasuwa ta katse ta. "Makon jiya kika ce mai gadi na da maƙoƙo, ashe goro ne a kumatunsa."

Gaskiya 'Yar Kasuwa ta faɗa. Duk cutar da aka koya wa Nas da safe, kafin yamma sai ta samo mai ita a hostel. Ta taɓa sa Auta kwana tana kuka a kan ciwon ƙoda, ashe ɗamarar siket ce ta matse ta. Shi ya sa in Nas ta buɗe baki, kowa ke kama gabansa.

Idon Auta ya cika da hawaye.

"Ni na kai ki gidanmu. Ni na ce wa Mama in ba ke ba, gara Yaya ya zauna a haka. Har faɗa na yi da 'yar ƙanwar Baba a kanki. Ki dube ni ki faɗa min, me budurwa take yi da wannan?"



Jama'a, ku tausaya mata. Gaba kura, baya sayaki. In ta yi shiru, aminiyarta za ta ɗauke ta 'yar iska. In ta yi magana, maganar za ta isa kunnen Injiniya, mutumin da tun ba a sa rana ba ya zana gidan da zai gina musu, kuma duk zuwan da zai yi sai ya ƙara ɗakin yara a zanen. A lissafin Lauya, gara a ce mata mara kamun kai da a ce mata wadda ba za ta haihu ba. Na farko za ta iya wanke kanta wata rana. Na biyu kuwa, a ganinta, ba sabulun da ke wanke shi.

Ta ja tawul ɗin ta ƙara rufe haɓarta.

"Ku ɗauka duk yadda kuka ga dama."

"Kin ji ko?" Auta ta juya wajen 'Yar Kasuwa. "Ko musu ba ta yi ba."

"Ni abin da ya fi ba ni haushi," in ji 'Yar Kasuwa, "kullum tare muke, ko sunansa ba mu sani ba. Yana da mota?"

"Ke wace irin mutum ce?"

"Tambaya na yi."

Nas ta sauko daga gadon. Wannan karon ba ta ɗaga yatsa ba. Ta zo ta tsaya kusa da Lauya, ta sassauta murya.

"Tambaya ɗaya zan yi miki. In kin ga dama ki amsa, in ba ki ga dama ba na rufe bakina har mu gama makaranta."

"Allah Ya sa kar ta amsa," 'Yar Kasuwa ta ce ƙasa-ƙasa.

"Kafin ki fara shan wannan, yaushe rabonki da ganin al'ada?"



Lauya ta daɗe tana kallon Nas. Sai ta sunkuya, ta sa hannu a kwandon sabulunta, ta zaro ɗan madubi da hantsaki, irin na cire gashin gira. Ta jefa su kan gado kusa da ƙwayoyin. Ta warware tawul ɗin, ta ɗaga haɓarta sama.

"Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ga saurayin nawa, 'Yar Kasuwa. Ba shi da mota."

Suka matso. A ƙarƙashin haɓarta gashi ne 'yan ƙwarori, baƙaƙe masu kauri, da tabon wuraren da aka sha cirewa.

"Kullum shi nake yi a banɗaki, kuna zagina na cika daɗewa. Yau buga ƙofa ya hana ni gamawa."

"Gemu ne?" Auta ta tambaya a hankali.

"A'a, ado ne."

'Yar Kasuwa ta leƙa sosai. "Kakata cewa take mace mai gashi a haɓa mai arziki ce."

"To nawa arzikin ya maƙale a hanya, gashin ne kawai ya iso."

Dariya ta kusa ƙwace wa Auta, ta danne.

Lauya ta zauna a bakin gadonta. Muryar nan da ke cika ɗakin taro ta koma ƙarama.

"Tun ina sakandare al'adata take wasa da ni. Ta zo yau, ta ɓace wata biyu. Bara ta ɗauke kusan rabin shekara. Ga ƙuraje, ga ƙiba, kuna ganin abin da nake ci bai kai na Auta ba."

"Amma duk wata kina sayen audugar mata," in ji Auta.

"Ina saye don kar ku lura. Wa ke ƙarar da ita?"

Su ukun suka dubi juna. Duk wadda tata ta ƙare a ɗakin nan, akwatin Lauya take buɗewa, har suna yi mata kirari da uwar marayu.

"Ni na zata kyauta ce ta yi miki yawa," 'Yar Kasuwa ta ce.

"Da abin ya ishe ni na je asibitin makaranta ni kaɗai. Likitar mata ta sa aka ɗebi jinina, aka yi min hoton mara. Ta ce ina da PCOS."

"Me?"

"PCOS."

"Wannan ai kamar sunan ƙungiyar ɗalibai," in ji 'Yar Kasuwa.

Auta ta ɗan ja baya kaɗan. "Ana ɗauka? Don kofi ɗaya muke shan ruwa."

"Kansa ce, ciwon daji?"

"Ba ciwon matan aure ba ne?"

"Ni na taɓa ji an ce sanyi ne ke kawo irin wannan. Ina da wani shayi da na saro, kwana kaɗan zai wanke..."

"Shayin da ya sa 'yan ɗakin sama suka kwana a banɗaki?" Nas ta tambaya.

"Su suka zarce ƙa'ida."

Nas ta gyara tsayuwa. Tun da ta shigo jami'a take jiran ranar da za a saurare ta, ga ta ta zo, har wani haske fuskarta ke yi.

"Ba a ɗauka, ba kansa ba ce, ba sanyi ba ne, kuma ba ruwansa da aure. Sinadaran jiki ne da ke tafiyar da al'ada suka rikice. Kun san kowace mace tana da ma'ajiyar ƙwai biyu a mara. Duk wata ƙwai ɗaya ke nuna ya fito. A wajen mai wannan matsalar, da yawa ne ke fara girma lokaci ɗaya, sai su tsaya a rabi, ba wanda ya nuna."

"Ban gane ba," in ji Auta.

"Kin tuna aikin rukunin da aka ba ku? Kowa ya fara, ba wanda ya kai wa malami?"

"Na gane."

"Shi ya sa al'ada ke jinkiri. Sannan sinadarin da ya fi yawa a jikin maza, mu ma muna da shi kaɗan, nata ya ɗan haura. Shi ke kawo gashin da ƙurajen. Wasu jikinsu ba ya sarrafa sukari yadda ya kamata, sai ƙiba ta zo. Wasu kuma sirara ne kamar ke, kuma suna da shi."

Auta ta shafa haɓarta ba ta sani ba.

"To ƙwayoyin fa?" 'Yar Kasuwa ta ɗaga katin.

"Abin da nake son faɗa tun ɗazu kenan kuka toshe min baki. Magani ɗaya ne, aiki biyu. Matar aure na sha don tazarar haihuwa. Likita kuma na ba mai irin wannan matsalar don al'ada ta daidaita, mahaifa ta samu kariya, gashi da ƙuraje su ragu. Ko yarinyar da ba ta taɓa gaisawa da namiji ba ana iya rubuta mata."

Auta ta rufe fuska da hannu biyu.

"Na shiga uku. Lauya, me ya sa ba ki faɗa min ba?"

"In faɗa miki ki faɗa wa wa?"

"Ni aminiyarki ce."

"Kuma ƙanwarsa ce." Hawayen da Lauya ke riƙewa suka zubo. "Kin ga zanen gidan nan, Auta. Ɗakin yara har uku, yana maganar ƙara na huɗu. Ranar da na dawo daga asibiti na duba waya, abin da na fara gani rashin haihuwa. Ta yaya zan dubi mutumin nan in ce ya gina ɗakunan banza?"

"Likitar ce ta ce ba za ki haihu ba?" Nas ta tambaya.

"Ta ce zai iya shafar haihuwa."

"Sai ta ce me?"

Lauya ta kau da kai.

"Sai ta ce me, Lauya?"

"Ban ji sauran ba. Kunnena ya toshe. Ta ce in dawo mu zauna, ni kuma na karɓi magani na gudu, sai dai in je in sake karɓa."

"Lauya guda, kin bar kotu kafin a karanta hukunci."

'Yar Kasuwa ta tuntsire da dariya. "Yau Nas ta ci gari."

"Ki saurare ni," Nas ta ci gaba. "Ba zan yi miki ƙarya ba, ba ciwo ba ne da ake warkewa a manta, lallaɓa shi ake yi, da magani da motsa jiki da kula da abinci. Kuma gaskiya ne wasu na samun jinkiri. Amma jinkiri daban, rashi daban. Da yawa suna haihuwa da kansu, wasu sai an ba su maganin da ke sa ƙwan ya nuna. Malamarmu ta ce kusan mace ɗaya cikin goma na da shi, kuma yawancinsu ba su ma sani ba."

"Ɗaya cikin goma?" 'Yar Kasuwa ta zaro ido, ta fara nuna bangon ɗaki kamar tana hango duk benen. "Kenan kowane lungu na hostel ɗin nan akwai mai shi."

"Sosai."

"Shi ya sa hantsakin da na saro ya ƙare a mako guda. Ni ina ta cewa 'yan matan nan sun cika gyaran gira."

Wannan karon har Lauya sai da ta yi dariya, hawaye na zuba, majina na neman biyo baya. Rashin sani ya fi dare duhu. Yarinya ta shekara tana kwana da fargaba, alhali a gadon da ke samanta akwai mai rabin amsar, tsoron surutunta ya hana a tambaye ta.

"Amma ni ba likita ba ce," Nas ta ƙara. "Ran Litinin za mu koma wajen matar nan, ki zauna ki ji sauran maganar. Ni zan riƙe miki kunne."

"Ni zan riƙe jaka," in ji 'Yar Kasuwa. "Kuma shayin, na fasa sayar miki."

Auta ta taso ta faɗa jikin Lauya, ta ƙanƙame ta.

"Ki yafe min. Zato zunubi, ni kuma na yi shi da hannu biyu."

"Sake ni, za ki karya min wuya."

"Sai kin ce kin yafe."

"Na yafe. Amma in kika sake taɓa min jaka, ke ce shari'ata ta farko."

Sai ga ƙauri ya cika ɗakin. 'Yar Kasuwa ta yi tsalle ta cire wayar murhu, Nas ta buɗe taga tana korar hayaƙi da ɗankwali kar mai kula da hostel ta jiyo. Taliya ta kama ƙasan tukunya ta yi baƙi. Suna ta dariya, kowa na ɗora wa ɗan'uwansa laifi.

Auta ce kaɗai ta daina dariya.

Ta tsaya tsakiyar ɗaki, hannu a ka, idonta a kan wayarta da ke kan filo.

"Lauya."

"Mene ne kuma?"

"Kin ce kin yafe min ko?"

"Na ce."

"Duka-duka? Har wanda ba ki sani ba?"

Lauya ta ajiye tukunyar a hankali. "Me kika yi?"

"Lokacin da kike wanka... raina ne ya ɓaci... na ɗauki hoton katin."

"Sai?"

"Na tura wa Yaya."



"Da wane bayani?" Nas ta tambaya.

"Na rubuta, zo ka ga halin wadda kake mutuwa a kanta."

"Goge. Maza goge, wataƙila bai gani ba," in ji 'Yar Kasuwa.

Su huɗu suka rufu a kan wayar. Sau biyu Auta tana kuskure lambar buɗewa. Saƙon ya bayyana, ga alamar an karanta, ga amsa a ƙasa, kalma biyu: Ina zuwa.

Magana zarar bunu ce, ta waya kuwa ta fi sauri.

Kafin wani ya ce wani abu, wayar Lauya ta fara ruri. Ta ɗauka, ta kara a kunne, ta saurara. Ta sauke.

"Yana bakin get."

"Ce masa nawa ne," in ji 'Yar Kasuwa. "Ni ba ni da saurayin da zan rasa, duk bashi suke ci."

"A'a, a ce na aikin gwaji ne da aka ba mu a aji," in ji Nas.

"Zan ce wasa nake masa," Auta ta ce tana kuka. "Ya saba da haukana."

Lauya ta dube su ɗaya bayan ɗaya. Kowace ƙarya a ciki za ta iya shiga, ta sani. Ta zura doguwar riga, ta ɗauki madubi da hantsaki ta matsa jikin taga inda haske yake. Ta ɗaga haɓa, ta kama gashi ɗaya.

Ta tsaya a haka.

Sai ta saki, ta ajiye hantsakin a kan taga.

"Na gaji," ta ce. "In na ɓoye yau, gobe a gidansa zan riƙa kulle banɗaki. Ba ni katin."

"Ko hoda ba za ki shafa ba?" 'Yar Kasuwa ta tambaya.

"A haka zan je."

Ta yafa mayafi ta fita. Su ukun suka yi rige-rigen taga, don daga nan ana hango get.

Motarsa na gefen titi ƙarƙashin bishiya, gilasanta masu duhu. Shi kuma yana tsaye ya jingina da ƙofar baya, da takalmin aiki duk ƙurar siminti. Bai yi murmushin da ya saba ba. Lauya ta ƙarasa har gabansa.

"Ina wuni."

"Lafiya. Lauya, kafin ki ce komai, bari in..."

"A'a. In ka katse ni ba zan iya ba. Ka bari in gama."

"Amma akwai..."

"Don Allah."

Ya ɗan waiga wajen motar.

Ta miƙa masa katin, ta faɗa masa komai a numfashi ɗaya: al'adar da ke ɓacewa, asibiti, sunan ciwon, dalilin ƙwayoyin. Ta janye mayafin ta ɗaga haɓarta a tsakiyar titi, rana tsaka.

"Ga shi, wannan ma nawa ne. Kuma haihuwa za ta iya yi min jinkiri. Za ta iya zuwa, za ta iya wahalar da mu, ban sani ba tukuna. Na san ɗakunan da ka zana. In ka ga ba za ka iya ba, ka faɗa min yanzu, ba zan riƙe ka a zuciya ba."

Ƙarya take, za ta riƙe shi har ta tsufa. Amma ta faɗa da ƙarfin hali.

Injiniya ya dubi katin, ya dubi fuskarta.

"Yana yi miki ciwo?"

Duk amsoshin da ta shirya a kan matakala, ba ta shirya wa wannan ba.

"Wani lokaci. Cirewar ce ta fi zafi."

"Kuma ke kaɗai kike zuwa asibiti?"

Ta gyaɗa kai.

Ya sauke ajiyar zuciya mai ƙarfi. "Duk hanya nake tuƙi ina tunanin wane ne ya fi ni. Har na zargi malaminku mai sanƙo. Ashe abokin takarata gashi uku ne."

"Huɗu ne."

"To huɗu. Lauya, zane fensir ne, ana gogewa. In yara sun zo, ga ɗaki. In sun yi jinkiri, ki zuba littattafanki, dama na rasa inda za mu kai su."

Ta sa mayafi ta rufe fuska, kuka da dariya suka haɗe mata. A can sama, 'Yar Kasuwa na dukan bayan Nas tana tambaya me ya ce, kamar Nas na da kunnen zomo.

"Sai dai," Injiniya ya ce yana sosa ƙeya, "abin da nake ta son faɗa miki kenan tun ɗazu. Ba ni na buɗe saƙon Auta ba."

Ta sauke mayafin.

"Ina tuƙi ya shigo. Na biya na ɗauko Mama daga gidan Anti, wayar na hannunta. Na ce ta duba min waye."

Sai yanzu Lauya ta lura gilashin baya bai rufe duka ba. A hankali ya ƙarasa sauka.

Mama ce zaune, da tabarau a kan hanci, jaka a cinya. Matar da Lauya ba ta taɓa iya haɗa ido da ita ba.

Lauya ta durƙusa a wurin. "Mama, ina wuni."

"Taso. Matso nan."

Ta matso. Mama ta miƙo hannu ta taga, ta kama haɓarta da yatsu biyu, ta juya ta wajen haske. Ta daɗe tana dubawa, fuskarta ba ta nuna komai ba.

"Kai," ta ce wa ɗanta ba tare da ta dube shi ba, "je ka nemo min ruwa. Kar ka yi sauri."

Sai da ya yi nisa ta saki haɓar Lauya. Ta zuge jakarta, ta sa hannu can cikin ƙaramin aljihu, ta zaro wani tsohon hantsaki da duk fentinsa ya goge, ta ɗora a tafin hannun Lauya.

"Wannan ya girmi wancan ƙaton da ya tafi neman ruwa," ta ce, ta tura ƙofar motar ta buɗe. "Shigo, 'yata. Zan faɗa miki shekarun da na yi ina jiran haihuwarsa, maganar da ko Auta ba ta taɓa ji ba."